Waƙar da Aka Kora Daga Majami'a: Tarihin Waƙoƙin Bishara a Sujadar Baƙaƙen Fatar Amurka

Duk wanda ya taɓa ratsawa kusa da majami'a ranar Lahadi da hantsi ya san cewa kafin kunne ya tsinkayi wa'azi, waƙa ce take fara isowa gare shi. Saboda haka mutane da yawa suke zaton waƙa da sujadar Kirista tagwaye ne, ba a taɓa jin kansu ba. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Kusan kowane salon waƙa da a yau ake ɗauka na gado ne, akwai lokacin da shugabannin addini suka tsaya a bakin ƙofa suka ce ba zai shiga ba. Waƙoƙin bishara, waɗanda ake kira gospel a Turance, su ne misali mafi kusa da wannan zamani, domin an san garin da suka samu gindin zama, an san shekarun, an kuma san sunayen waɗanda suka kawo su da na waɗanda suka ƙi su.

Tsohuwar gardama

Wajen shekara ta 112, Pliny, gwamnan Rumawa na lardin Bitiniya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, ya rubuta wa sarki Trajan cewa Kiristocin da ya bincika sukan taru tun kafin gari ya waye, su yi wa Almasihu waƙa suna karɓa wa juna. Wasiƙun Bulus zuwa ga mutanen Afisa da na Kolosi ma sun umarci masu bi da rera zabura da waƙoƙin yabo. Ke nan asalin waƙar ba shi ne abin jayayya ba. Inda gizo ke saƙa shi ne wace irin waƙa, kuma a bakin wa.

A ƙarni na 4, taron limaman Lawudikiya ya yanke cewa mawaƙan da aka naɗa ne kaɗai za su rera a majami'a, ya kuma hana waƙoƙin da mutane suka ƙaga da kansu. Augustine, bishop na garin Hippo, wato Annaba ta Aljeriya, ya bayyana tasa damuwar a littafin da ya ba da labarin rayuwarsa da tubansa. Ya tuna hawayen da ya zubar sa'ad da ya ji waƙoƙin majami'ar Milan a lokacin da aka yi masa baftisma a 387, amma ya ce duk ranar da daɗin murya ya fi ma'anar kalmomi taɓa shi, yakan ga ya yi laifi. A ƙarshe ya karkata ga barin waƙa, domin mai raunin zuciya ya samu abin da zai ɗaga shi.

Bayan shekara dubu da ɗoriya, jagororin Furotesta su ma kansu bai haɗu ba. Martin Luther ya tsara waƙoƙi cikin Jamusanci domin talaka ya rera, aka buga littafin farko a 1524. Zwingli kuwa, duk da kasancewarsa gwanin kiɗa, ya kawar da waƙa daga sujadar birnin Zurich. Calvin ya yarda da Zabura kaɗai, ba tare da abin kiɗa ba, aka kammala tsara dukan 150 cikin Faransanci a 1562. A Ingila, Isaac Watts ya fitar da littafinsa a 1707, ya sha suka a kan cewa ya sa maganar ɗan Adam a gurbin maganar Littafi Mai Tsarki. Ba a yi ƙarni guda ba waƙoƙinsa suka zama su ne na gargajiya.

Abin da bayi suka yi da waƙa

An sauke ƴan Afirka na farko a Virginia a 1619. Jikokinsu da suka karɓi Kiristanci sun karɓe shi cikin ƙangi, a ƙasar da doka ta tsaya tsakaninsu da alƙalami. Bayan tawayen bayi na Stono a 1739, majalisar Carolina ta Kudu ta kafa doka a 1740 wadda ta hana koya wa bawa rubutu, ta kuma hana shi mallakar ganga ko ƙaho, don tsoron kada su zama hanyar kiran juna. Da aka ƙwace ganga, sai tafi da dukan ƙasa da ƙafa suka maye gurbinta. Da aka hana littafi, sai wani dattijo ya riƙa faɗin layin waƙar Watts ɗaya bayan ɗaya, jama'a na karɓa suna jan sa a hankali, kowa na lanƙwasa muryarsa yadda zuciyarsa ta ba shi. Har yau ana kiran wannan salo da sunan Dokta Watts a wasu majami'un baƙaƙen fata, ko da waƙar ba tasa ba ce.

A tarukan ɓoye na cikin daji kuwa, bayi sun ƙagi nasu waƙoƙin, waɗanda aka sani da sunan spirituals. Ginin su na jagora da ƴan amshi ne, irin wanda duk wanda ya san waƙar daɓe ko ta gayya zai gane nan take. Labaran da suka fi ɗauka daga Littafi Mai Tsarki su ne na Musa da Fir'auna, da Daniyel cikin ramin zakoki, da tsallaka kogin Urdun. Ubangijin gona yakan ji waƙar lahira ce, bawa kuwa ya san har da duniyar nan yake nufi. Akwai kuma wata ibada da ake yi cikin da'ira, ana kewayawa ana jan ƙafa ba tare da an ɗaga ta ba, ana waƙa har gumi ya jiƙa jiki.

Nan ne fa'idar farko ta waƙa ta bayyana: ita ce ta zama allon mutanen da aka hana allo. Richard Allen, wanda ya sayi ƴancinsa da kuɗin guminsa, ya gane haka, ya buga littafin waƙoƙi 54 a Filadelfiya a 1801 domin jama'arsa, shekara 15 kafin ya kafa ɗariƙar Metodis ta baƙaƙen fata.

Da aka soke bauta a 1865, sai wata sabuwar matsala ta taso daga cikin gida. Masu ilimin boko a cikin ƴantattun sun ga waɗannan waƙoƙi tabon bauta ne da ya kamata a wanke. Bishop Daniel Payne, a littafin tarihin rayuwarsa na 1888, ya ba da labarin yadda ya tsayar da masu ibadar da'ira, yana ganin ta aikin jahilci ne da ke zubar da mutuncin al'umma. Ba mugunta ce ta sa shi ba. Mutum ne da ya ƙarar da rayuwarsa wajen gina makarantu, yana kuma tsoron duk abin da zai ba farar fata hujjar raini. Ɗaliban jami'ar Fisk, da suka fita yawon waƙa a 1871 don ceto makarantarsu daga talauci, har suka rera gaban Sarauniya Victoria a 1873, sun kai waƙoƙin bayi duniya, amma bayan an gyara su bisa ƙa'idar kiɗan Turai, ba tafi, ba rangaji.

Sunan waƙar bishara kansa daga wani gefe ya fito. Philip Bliss ya sa shi a kan littafinsa na 1874, sa'an nan Ira Sankey, mawaƙin mai wa'azi Dwight Moody, ya yaɗa irin waɗannan waƙoƙi masu sauƙin hadda da amshi a Amurka da Ingila. Charles Tindley, faston Metodis baƙar fata a Filadelfiya, ya ɗauki wannan tsari tun daga 1901 ya zuba masa damuwar talakan birni. Majami'un Fentikos, da suka bunƙasa bayan farfaɗowar titin Azusa na Los Angeles a 1906, su kuma suka buɗe ƙofa ga bandiri da ganga da piyano.

Shikago

A 1910 baƙaƙen fatar Shikago wajen dubu 44 ne. A 1930 sun kai wajen dubu 234. Yawancinsu ƴan gudun talauci da wariya ne daga gonakin auduga na kudu. Sun tarar da manyan majami'un Baftis da na Metodis masu ƙungiyoyin mawaƙa ƙwararru, masu rera Handel da Mendelssohn daga takarda, jama'a na zaune shiru. Baƙon da ya ɗaga murya ya ce amin a tsakiyar waƙa, sai a bi shi da kallo. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Da yawa suka fice suka koma ƙananan majami'u da ake buɗewa cikin tsofaffin shaguna, inda ba mai hana su tafi.

Cikin waɗannan baƙi akwai Thomas Dorsey, haifaffen Villa Rica ta jihar Georgia a 1899, ɗan mai wa'azi, uwarsa kuma mai kaɗa ogan a majami'a. Ya yi suna a kiɗan buluz, kiɗan mashaya da gidajen rawa. Shi ne ya jagoranci makaɗan shahararriyar mawaƙiya Ma Rainey, kuma a 1928, da sunan Georgia Tom, shi da Tampa Red suka fitar da wani faifan garmaho na batsa da ya yi kasuwa ƙwarai. Amma tun 1921, da ya ji wani mai wa'azi W. M. Nix yana waƙa a babban taron Baftis na ƙasa, zuciyarsa ta rabu biyu. Ciwon damuwa ya kwantar da shi kusan shekara biyu, ya fara rubuta waƙoƙin addini bisa karin da ya iya, wato na buluz, da lanƙwasar murya da ɗingishin kiɗa irin nasa.

Fastoci suka gane karin, suka kuma san inda aka saba jin sa. Daga baya Dorsey yakan faɗa cikin raha cewa an kore shi daga wasu majami'u mafi daraja a ƙasar. Wani fasto yakan yi masa alkawarin ba shi dama bayan wa'azi, sai ya sallami jama'a ya bar shi zaune. Hujjarsu ita ce ta Augustine cikin sabuwar riga: kiɗan da ke motsa jiki a mashaya ranar Asabar ba zai zama mai tsarki ranar Lahadi don an sauya masa kalmomi ba.

Jama'a ne suka warware gardamar. A taron Baftis na 1930 a Shikago, wata mawaƙiya ta rera waƙarsa If You See My Savior, wadda ya rubuta bayan rasuwar wani maƙwabcinsa, zauren ya ɗauka gaba ɗaya, ya sayar da takardun waƙar kimanin 4,000 kafin a watse. A ƙarshen 1931 faston majami'ar Ebenezer, James Smith, ya ce yana marmarin irin waƙar da kakanninsa ke yi a kudu, sai Theodore Frye da Dorsey suka haɗa ƙungiyar mawaƙan bishara ta wajen mutum 100. Junius Austin, faston majami'ar Pilgrim, da ya ji su a 1932, ya ɗauki Dorsey ya kafa masa irinta. Fastocin sun lura da abin da kujeru ke faɗi: inda ake wannan waƙa, nan baƙin kudu ke cika.

A watan Agusta na 1932, Dorsey na birnin St. Louis wajen wani taron farfaɗowa, aka miƙa masa waya cewa matarsa Nettie ta rasu wurin haihuwa. Jaririn ma bai kwana biyu ba ya bi ta, aka binne su cikin akwati ɗaya. Ya ce a kwanakin nan ya ji Allah bai yi masa adalci ba, har ya yi niyyar komawa kiɗan duniya. Cikin wannan hali ya zauna gaban piyano, yatsunsa suka faɗa kan karin wata tsohuwar waƙa ta ƙarni na 19, ya ɗora mata sababbin kalmomi na mutumin da ƙarfinsa ya ƙare yana roƙon a kama hannunsa. Ita ce Precious Lord, wadda aka fassara cikin harsuna masu yawa.

Abin da waƙar ta ƙara wa sujada

Waƙoƙin bayi da bakin jama'a suke magana, ba a san mai su ba. Na Dorsey kuwa da bakin mutum ɗaya suke, mai cewa ni, mai faɗin gajiyarsa ba kunya. Zabura cike take da irin wannan kuka, amma majami'un masu hali sun yi masa lulluɓi. Waƙar bishara ta maido da shi, a daidai shekarun da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, masu wanki da ƴan mahauta na Shikago suka rasa aiki. Mutum ya samu damar kawo baƙin cikinsa cikin sujada a fili, jama'a su karɓa masa, ya fita da sauƙin zuciya.

Ta kuma ba mata murya a inda mumbari ya kasance na maza. Sallie Martin ta zagaya ƙasar tana kafa ƙungiyoyin mawaƙa tana sayar da takardun waƙa, ita ce kuma ƙashin bayan ƙungiyar mawaƙan bishara ta ƙasa da ta yi babban taronta na farko a 1933. Roberta Martin da Willie Mae Ford Smith sun horar da ɗaruruwa. Macen da ba a yarda ta yi wa'azi ba takan tsaya kafin ta fara waƙa ta ba da shaida na ƴan mintoci, kuma wannan shaida wa'azi ce a komai in ban da suna.

Mahalia Jackson, haifaffiyar New Orleans a 1911, ita ma ta sha tsawa daga fastoci saboda rangajinta da tafinta, takan kuma kafa musu hujja da Zabura, inda aka umarci al'ummai su tafa hannu su yi sowa. Faifanta na 1947 ya sayu fiye da miliyan ɗaya. Ta ƙi rera buluz duk da kuɗin da aka yi mata tayi, tana cewa shi waƙar fid da rai ne, tata kuwa ta sa rai ce.

A shekarun gwagwarmayar ƴancin baƙaƙen fata, taron siyasa da na sujada a ɗaki ɗaya ake yin su, da waƙa ake buɗewa kafin a fita a fuskanci karnukan ƴan sanda. Masana da yawa na ganin taken gwagwarmayar, We Shall Overcome, yana da saiwa cikin wata waƙar Tindley ta 1901. Ranar 28 ga Agusta 1963, Mahalia ta rera gaban mutum wajen dubu 250 a Washinton kafin jawabin Martin Luther King. Ranar 4 ga Afrilu 1968 a Memphis, King na tsaye a barandar masauƙinsa ya roƙi makaɗi Ben Branch ya kaɗa masa waƙar Dorsey a taron daren nan. Jim kaɗan aka harbe shi. Mahalia ce ta rera ta ranar jana'izarsa.

Kasuwa da majami'a

Masu suka ba su yi kuskure ɗungurungum ba. Waƙar da ke tara jama'a tana tara kuɗi. Rosetta Tharpe ta kai waƙoƙin majami'a gidan rawa na Cotton Club a 1938, Ray Charles ya ɗauki karin bishara a 1954 ya sauya sunan Yesu da na mace, Sam Cooke ya bar ƙungiyarsa ta addini a 1957 ya koma waƙar soyayya. A cikin majami'a kanta, gwanin murya kan iya mai da jama'a ƴan kallo, wato abin da aka zargi mawaƙan Handel da shi tun farko. Abin mamaki kuma, waɗanda aka kora jiya su ne masu tsaron ƙofa gobe. Da waƙar Oh Happy Day ta Edwin Hawkins ta mamaye gidajen rediyo a 1969, wasu dattawan bishara sun ce ta cika kama da ta duniya, haka kuma aka faɗa wa Kirk Franklin a 1997.

Reshen da ya iso ƙasar Hausa

Ƴan mishan na SIM, da suka zauna Damagaram tun 1924, daga baya Tsibiri da Galmi, reshen Sankey suka zo da shi. Littafin waƙoƙin da majami'u masu sujada da Hausa suka gada a Nijar da arewacin Nijeriya yana ɗauke da fassarar waƙoƙin Ingila da Amurka bisa karinsu na asali. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, shekarar da Dorsey ya yi rashinsa. Sai dai Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere, baƙon kari kuwa yakan ja gaɓar da take gajera, ya ɗaga wadda take ƙasa. Ƴan mishan na farko da yawa sun kuma ƙyamaci ganga saboda dangantakarta da bori. Nan ma mata ne suka buɗe hanya: ƙungiyoyin Zumuntar Mata suka riƙa tsara nasu waƙoƙin, jagora na bayarwa ana amshi, da tulu da gora a hannu, suna zuba labaran Littafi cikin karin da kunnen Bahaushe ya saba da shi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Kammalawa

Tambayar Augustine ba ta tsufa ba, kuma babu taron limaman da ya rufe ta. Abin da tarihin Shikago ya nuna shi ne cewa shugabanni sukan auna waƙa da inda karinta ya fito, jama'a kuwa da abin da ta yi musu ranar da suka binne ɗa ko suka rasa aiki, kuma a mafi yawan lokuta ma'aunin jama'a ne ya rinjaya. Dorsey ya jagoranci mawaƙan Pilgrim shekaru masu yawa, ya rasu a 1993 yana da shekara 93. A watan Janairu na 2006 gobara ta cinye ginin majami'ar, ta bar bangayen dutse kawai, takardu da hotuna masu yawa na zamaninsa suka ƙone. Waƙar da ya rubuta a 1932 tana cikin littattafan waƙoƙin ɗariƙun Baftis da Metodis, har da na majami'un da a dā ba su bar shi ya tashi daga kujerarsa ba.